Iska, rana da nisa: lissafin mai ɗaukar hoton jirage a barandar Haneda

Filin jirgin sama na Haneda, wanda ke bakin tekun Tokyo a ƙasar Japan, yana da gine-ginen fasinja uku, kuma kowanne yana da barandar kallo a samansa. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma tambayar tikitin tafiya. Mutum zai hau lif ya fito fili, ga titin jirage shimfiɗe a gabansa. A nan ake ganin iyaye da yaransu, da ma'aikata masu cin abincin rana, da wasu mutane da ba su cika magana ba, kowanne rataye da doguwar kyamara, wani da ƙaramin littafi yana rubuta lambobi. Waɗannan na ƙarshen su ne masu sha'awar kallon jirage da ɗaukar hotonsu.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne mutum biyu su zo rana ɗaya da kyamara iri ɗaya, ɗaya ya koma da hoton da za ka iya ƙirga ƙusoshin jikin jirgin, ɗayan ya koma da wani abu toka-toka mai kama da an ɗauka ta cikin ruwa. Yawancin lokaci ba laifin kyamarar ba ne. Na farkon ya san inda iska ta dosa, ya san inda rana za ta tsaya, ya san nisan titin daga inda yake, tun kafin ya bar gida.

Mu fara da iska, domin ita ce ke yanke hukuncin inda jirage za su bi. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska. Abin da fiffike ke buƙata shi ne gudun iskar da ke ratsa shi, ba gudun taya a ƙasa ba, saboda haka iskar gaba tana rage tsawon titin da jirgi zai ci kafin ya ɗaga, tana kuma rage gudunsa wajen sauka. Yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi ko su sauka da iskar baya mai ƙarfi ba. Don haka duk titi yana da baki biyu, kuma hasumiya ce ke zaɓen wanda za a yi aiki da shi.

Lambobin da aka rubuta da farin fenti a bakin titi su ne ke faɗa maka alƙiblarsa. Ana ɗaukar digirin kamfas ne a cire sifilin ƙarshe. Titi mai lamba 34 yana kallon wajen digiri 340, wato arewa da ɗan karkata yamma. Idan ka shigo shi ta ɗaya bakin, sunansa 16. Kullum bambancin lambobin biyu 18 ne. Idan tituna biyu suna jere da juna sai a ƙara L ga na hagu, R ga na dama. Wanda ya san filin Malam Aminu Kano zai gane wannan da sauri: babban titinsa 06/24 ne, ya miƙa daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai da yadda iskar hunturu da ta damina ke musayar hanya a ƙasar Hausa.

Haneda tana da tituna huɗu. A shi ne 16R/34L, C shi ne 16L/34R, suna jere da juna kuma gini na 1 da na 2 suna tsakaninsu. B shi ne 04/22. D kuwa, 05/23, an gina shi ne a kan teku aka buɗe a 2010. Idan iska daga arewa take, wanda shi ya fi yawa da sanyi, jirage na sauka a 34L da 34R, masu tashi kuma suna bin 34R da 05. Idan ta juyo daga kudu, kamar yadda ta saba da bazara, sauka ta koma 22 da 23, tashi ya koma 16L da 16R. Tun daga 2020 aka ƙara wani tsari: ranar iskar kudu, na wasu awoyi da la'asar, jirage kan ratso ta saman tsakiyar birnin Tokyo su sauka a 16L da 16R. Ma'anar duk wannan ga mai kyamara ita ce baranda ɗaya tana iya cika da jirage masu sauka yau, gobe kuma ya wuni bai ga taya ta taɓa ƙasa a gabansa ba.

Ba sai an yi duba ba. Kowane babban filin jirgi yana fitar da rahoton yanayi da ake kira METAR duk rabin awa ko awa ɗaya, kuma ana samunsa kyauta a intanet idan ka rubuta lambar filin. Ta Haneda RJTT ce, ta Kano DNKN. Idan ka ga 34012KT, lambobi ukun farko suna nufin iska na busowa daga digiri 340, biyun ƙarshe ƙarfinta ne, 12 a ma'aunin matuƙa, wajen kilomita 22 a awa. To yau ranar titin 34 ce. Idan ka ga 9999, ana hangen kilomita 10 ko fiye. A kula da lokacin da ke rubuce da Z a ƙarshe, agogon duniya ne, Japan tana gabansa da awa 9. Manhajar Flightradar24 kuma, wadda ke tattara saƙon da jirage ke watsawa a kan mita 1090 MHz, tana nuna maka layin masu zuwa, irin kowane jirgi da lambarsa. Ka kalle ta minti biyu, ka ga ta ina layin ke lanƙwasowa, ka san titin.

Sai rana. Dokar ba ta da wuya: rana a bayanka, jirgi a gabanka. Barandar gini na 1, inda kamfanin jiragen Japan na JAL ke aiki, tana kallon titin A ta wajen yamma. Ta gini na 2, gidan kamfanin jirage na ANA, tana kallon titin C da teku ta wajen gabas. Saboda haka safiya ta gini na 1 ce, yamma ta gini na 2. Wanda ya juya wannan tsari zai wuni yana ɗaukar gefen jirgin da ke cikin inuwa, sararin sama kuma ya fito fari fat. Akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin ginin biyu, akwai kuma bas ta kyauta, don haka da azahar ake ƙaura. Tsakar rana kanta ba lokacin kirki ba ne ko ta wace baranda, domin haske na dukan bayan jirgi daga sama, cikinsa da injinansa suna duhu. Da safiyar sanyi, idan sama ta washe, ana hango dutsen Fuji daga barandar gini na 1, kuma jirgi mai wucewa ta gabansa shi ne hoton da kowa ke nema.

Maganar nisa ita ce wadda mutane ke kashe kuɗi a banza saboda rashin lissafinta. Idon kyamara, wato abin da masu sana'ar ke kira lens, ana auna jawowarsa da milimita, kuma ana iya sanin wanda ake buƙata da ninkawa da rabawa kawai. Ka ninka faɗin sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, da nisan jirgi, ka raba da tsawon jirgin. Babbar sensa faɗinta milimita 36. Boeing 777-300ER tsawonsa kusan mita 74. Idan yana nisan mita 500, 36 sau 500 raba 74 ya ba da wajen 243. Wato a milimita 243 hancinsa da wutsiyarsa za su taɓa bakin hoton, don haka 200 ita ce daidai, a bar masa wurin numfashi. Boeing 737-800 kuwa mita 39.5 ne, a wannan nisan yana buƙatar wajen 450. Amma a ƙaramar sensa ta APS-C, mai faɗin kusan milimita 23.5, milimita 300 ta ishe shi. Wannan ne dalilin da ya sa mai ƙaramar kyamara da ido 70-300 ke yin aikin da zai ba mai tsadar kaya kunya, kuma shi ya sa 100-400 ya zama abin da aka fi gani a barandu. Ido mai zuƙowa ya fi mai tsayayyar lamba amfani a nan, domin ƙaramin jirgi da ƙato suna bin juna ne cikin minti biyu.

Daga nan sai abokiyar gaba ta gaskiya, kawalwalniya. Duk wanda ya taɓa bin titin kwalta da rana a watan Afrilu ya ga yadda abin da ke nesa ke rawa kamar a cikin ruwa. Kankaren filin jirgi yana ɗaukar zafi, yana ɗumama iskar da ke kansa, iska mai ɗumi da mai sanyi suna cakuɗa, haske na lanƙwashewa a tsakaninsu. Idon kyamara mai jawo nesa yana ƙara girman wannan rawar ne kamar yadda yake ƙara girman jirgin. Alamarta a hoto ita ce layin tagogi ya zama kamar maciji, haruffan jikin jirgi su yi gefe-gefe kamar an yanka da zarto. Babu saitin da ke gyara ta, babu manhajar da ke warkar da ita. Mutane da dama sun mayar da ido mai kyau shago suna cewa ba ya kama hoto, alhali iskar ce. Abin da ake yi shi ne a guje mata: a ɗauka da sassafe kafin kankare ya yi zafi, ko bayan ruwan sama, ko da sanyi. A jira jirgi ya zo daidai saitin baranda inda nisa ya fi gajarta, maimakon a fara harbi tun yana can ƙarshen titi. A kuma jira mai tashi ya ɗan ɗaga sama ya fita daga iskar ƙasa. A nan baranda ta fi tsayawa a bakin shinge, domin daga sama kana kallo ne a karkace, haske na ratsa ƙaramin kaso na iska mai zafin. Akwai kuma kawalwalniyar da jirage ke haddasawa da kansu: idan wani jirgi yana tsaye da injinsa a kunne tsakaninka da wanda kake nema, hucinsa zai ɓata maka hoto ko da asuba ce.

Yanzu a zo kan kyamara. Jirgin fasinja yana sauka da gudun wajen kilomita 260 a awa, wato kusan mita 72 a daƙiƙa. Idan shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta buɗe na 1/250 na daƙiƙa, jirgin ya matsa kusan santimita 29 kafin ta rufe. A 1/1000 kuwa santimita 7 ne kawai. Shi ya sa ake farawa da 1/800 zuwa 1/1000 ga jirage masu injin jet, ƙofar haske a f/8 inda yawancin idanu suka fi kaifi (idan lambar f ta ƙaru, ƙofar tana ƙara tsukewa), ISO, wato ma'aunin yadda sensa ke karɓar haske, daga 100 zuwa 400 da rana. A sa fokas mai bin abu yana tafiya, wanda Canon ke kira Servo, Nikon da Sony ke kira AF-C. A ɗora shi kan tagogin matuƙi ko rubutun kamfani, kada a ɗora kan farin jiki, domin fokas yana neman inda launi ya bambanta ne, in bai samu ba sai ya shiga kai-kawo.

Jirgi mai farfela dokarsa daban. A 1/1000 farfelar za ta tsaya cak, jirgin ya zama kamar injinsa ya mutu a sama. Ana sauko da shata zuwa 1/250 ko 1/125 domin farfela ta yi dishi-dishi, kuma a nan dole hannu ya bi jirgin daidai gudunsa. Ga yadda ake yi: ka tsaya ƙafafunka na kallon inda kake son ɗaukar hoton, ka murɗa ƙugu zuwa inda jirgin ke tahowa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka warware a hankali tare da shi, ka danna, ka ci gaba da binsa bayan ka danna. Tsayawa a daidai lokacin dannawa shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wanda ya ƙware yana sauka har 1/60, jirgi ya fito tas, bayansa ya zama zane-zane. In idonka yana da na'urar hana girgiza mai mataki biyu, mataki na 2 ne na wannan aikin, domin na 1 yana ɗaukar juyawarka a matsayin girgiza yana yaƙi da ita. Wayar hannu da shatar lantarki kuma sukan lanƙwasa farfela ta zama kamar lauje, saboda sensar tana karanta hoton layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa.

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin toka-toka. Farin jirgi a farin gajimare zai sa ya rage haske, hoto ya fito da duhu, sai ka ƙara masa +0.7 ko +1 a saitin ƙarin haske. Farin jirgi cikin rana a gaban baƙin hadari ko ruwan teku kuma akasin haka ne, sai ka rage -0.3 ko -0.7, in ba haka ba farin ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba ka damar gyara inuwa daga baya.

Shingen barandun Haneda wayoyi ne a miƙe a jere, masu barin wuri tsakaninsu, don haka ana iya saita ido a tsakani. A Narita, ɗaya babban filin jirgin da ke yi wa Tokyo aiki, ragar shingen an huda mata tagogi na kyamara. Inda raga ce zalla, ka matso da ido har ya kusa taɓa ta, ka daidaita tsakiyarsa da rami, ka buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6, ragar za ta narke ta ɓace, sai dai in rana na dukanta, lokacin takan bar wani farin hazo a hoton. Inda gilashi ne, ka manna ido da shi a miƙe, ka sa baƙar riga, ka kare gefe da hannu ko baƙin ƙyalle don hasken ɗaki kada ya dawo. Kuma madaurin kyamara ya kasance a wuya, murfin ido a aljihu. Abin da ya faɗa ta shinge ya faɗa harabar jirage ne, inda ƙaramin ƙarfe ke iya shiga inji.

Sanin inda abu zai faru a kan titi yana rage ɓarnar hotuna. Mai sauka yana gangarowa a kan kusurwar digiri 3, yana tsallake bakin titi a tsayin wajen mita 15, tayoyinsa na taɓa ƙasa mita 300 zuwa 500 a ciki, kusa da manyan fararen zane biyu. Nan hayaƙin taya ke tashi, nan za ka jira. Mai tashi kuwa nauyinsa ne ke faɗa: jirgin cikin gida mai zuwa Osaka da ɗan mai kaɗan zai ɗaga hanci da wuri, mai zuwa Landan ko New York cike da mai zai ci mafi yawan titin. Da safiya mai laima kuma, tururi kan bayyana a saman fiffike ko a bakin inji, saboda matsin iska ya faɗi a wurin har laimar ta koma hazo. Daƙiƙa ɗaya yake yi, sai mai harbi a jere ke kama shi.

Gane jirgi kuwa ido ne ke sabawa. 777 yana da taya shida a kowace babbar ƙafa, ƙarshen wutsiyarsa a baje kamar bakin sukuddireba. A350 yana da baƙin zane kewaye da tagogin matuƙi kamar ya sha kwalli, samfurin A350-900 taya huɗu a ƙafa, A350-1000 shida. 787 bayan injinsa haƙora-haƙora ne. 737 hancinsa da tsini, A320 nasa a dunƙule. Amma abin da masu littafi ke rubutawa shi ne lambar rajista, wadda ke kusa da wutsiya da ƙarƙashin fiffike. Farkonta yana faɗin ƙasa: JA Japan, N Amurka, G Ingila, A6 Daular Larabawa, HZ Saudiyya, ET Habasha, 5N Nijeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Cadi, ST Sudan. Rajista tana canzawa idan an sayar da jirgi wata ƙasa, lambar da masana'anta ta ba shi ce ba ta canzawa, da ita ake bin tarihinsa.

Sakewar da ake gani a Haneda, ko a barandar filin jirgin Schiphol na Amsterdam inda aka ajiye tsohon jirgi Fokker 100 na kamfanin KLM, ko a wurin kallo na filin jirgin Manchester inda Concorde, tsohon jirgin fasinja mai gudun da ya fi sauti, ke zaune, ba ta bin mutum ko'ina. A Nuwamban 2001 an kama 'yan Ingila 12 da 'yan Holan 2 a sansanin sojan sama na Kalamata a Girka suna rubuta lambobin jirage. An same su da laifin da ya shafi leƙen asiri, sai a ɗaukaka ƙara a 2002 aka wanke su. Filayen Kano da Yamai duka suna maƙwabtaka da sojan sama, don haka fito da doguwar kyamara a gefen shingensu ba tare da izini a rubuce ba neman rigima ne. Jirgi maras matuƙi kuwa ko a inda aka fi sakin fuska haramun ne kusa da filin jirgi. A Disamban 2018 rahoton ganinsa ya rufe filin jirgin Gatwick na Landan, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka wajen 1,000. Filasha da fitilar leza ma a bar su a gida.

Bayan an dawo, abu biyu ne suka fi sa rumbunan hotunan jirage irin su JetPhotos mayar wa mutum da hotonsa: karkata da ƙura. Kada a daidaita hoto da jikin jirgi ko da layin titi, domin dukansu suna iya karkata da gaske. A nemi abin da ke tsaye, turken fitila ko gefen gini kusa da tsakiyar hoto, a miƙar da shi. Ƙura kuma tana kan sensa ne, ba ta fitowa a f/5.6 amma daga f/11 sai ta zama ɗigo-ɗigo a sararin sama. Kafin fita, ka sa f/16, ka kawar da fokas, ka ɗauki farin bango ko shuɗin sama, ka ƙara bambancin launi a kwamfuta har ƙarshe. Duk ɗigon da ya bayyana, a hure shi da famfon roba kyamara na kallon ƙasa, ba da baki ba, kuma kada a canza ido a baranda inda iskar teku ke kaɗawa.